Masu Neman Tsallake Teku Kafin Gemu Ya Fito

Duk shekara in lokacin cike fom ya zo, teburina a ofishin malamai yakan koma kamar na mai rubuta wasiƙa a bakin kotu. Yara 'yan shekara 15 zuwa 17 ne ke yi mini zobe, kowa da waya a hannu, kowa na son makarantar kwana ta ƙetare. Galibi wurare biyu suke hari. Akwai makarantun UWC guda 18 da ke warwatse a duniya, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a 1962 cikin wani tsohon gidan sarauta a gaɓar tekun Wales, kuma yawancin masu shiga ta hannun kwamitin ƙasarsu suke bi. Sai African Leadership Academy da ke gefen Johannesburg, wadda Fred Swaniker ɗan Ghana da abokansa suka kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2008. Dukansu shekara biyu ake yi, dukansu kuma suna yi wa yaro tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa tun da aka yanke masa cibi: wane ne kai, me kuma ya dame ka a duniya? To, a nan ake yin ta.

Wanda ke fara zuwa shi ne Shugaban Gidauniya. Ya ji an ce ana son mai hidimar al'umma, don haka saura mako biyu a rufe fom sai tausayin talakawa ya kama shi kamar zazzaɓi. Kafin magariba ya raɗa wa ƙungiya suna, an zana mata tambari mai hoton duniya a tafin hannu, an buga riguna uku. Shi ne shugaba, ƙanensa sakatare, ɗan maƙwabta ma'aji, ko da yake babu abin ajiyewa. Ranar Asabar suka sayi littafin rubutu dozin biyu suka nufi wata tsangaya. Rabon ya ɗauki minti goma, ɗaukar hoto ya cinye awa guda, har sai da alaramma ya ce a sakar masa yara su je su yi tilawa. Na tambaye shi sunan almajiri ɗaya cikin waɗanda ya taimaka. Ya ce, "Malam, ai ba don a san juna muka yi ba, don Allah muka yi."

Bayansa akwai Ɗan Alhaji Tsohon Babban Sakatare. Wannan bai rubuta ko harafi ba, kuma da ka karanta layin farko ka sani. Yaron da jiya na raba shi faɗa a kan ƙwallo, yau ga shi a takarda yana miƙa buƙatarsa cikin ladabi da biyayya, yana fatan za a dube ta da idon rahama, yana nuni da sakin layi na uku a sama. Turancin kansa na warin tsohon fayil. An tambaye shi abin da ke sa shi farin ciki, Alhaji ya amsa masa da tarihin gyaran aikin gwamnati. Yanzu kuma Alhaji ya sami kishiya, wato ChatGPT, mai rubuta wa yara goma labari ɗaya: dukansu sun tashi a gari mai cike da al'adu, dukansu sun gano cewa bambanci ƙarfi ne. Da na Alhaji da na na'ura, wallahi gara na Alhaji. Ko ba komai akwai mutum a ciki, sai dai ba mutumin da ake nema ba.

Sarauniyar Maki kuwa tausayi take ba ni. Tun firamare ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba. Ta san tsarin karatun IB da ake yi a UWC fiye da ni: darasi shida, doguwar maƙala mai kalma 4,000, iyakar maki 45, kuma ta riga ta ƙudura cewa 45 ɗin nata ne. Ta haddace amsar tambaya arba'in. Da muka zauna gwajin ganawa, na ce ta gaya mini ranar da ta taɓa yin kuskure. Ta dube ni kamar na zagi iyayenta. Can ta ce akwai zangon da ta ci 94 a lissafi.

Sai Mai Karatu Da Aci-Balbal. Direba ne ya sauke shi a bakin makaranta, amma a takarda marayan wahala ne, yana tafiyar mil biyar a ƙasa, yana karatu da fitilar gwangwani, ruwan sama na zuba ta rufi. Ya manta cewa masu bayar da tallafi suna da wani fom ɗin daban na iyaye, inda ake tambayar kuɗin shiga da kadarori, a nemi takardar banki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa ma ko gwiwa bai kai ba. Ranar da fom ɗin ya isa gida, mahaifinsa ya kira ni yana tambaya ko gidan Abuja shi ma sai an rubuta, tunda haya aka bayar.

Abin haushin shi ne mai labarin gaske tana nan a kujerar baya, ta yi shiru. Ita ce ke soya awara da yamma ta biya wa ƙannenta kuɗin littafi. Shekara biyu tana tara yaran layinsu a zaure bayan isha'i tana koya musu karatu, babu tambari, babu riga. Na duba fom ɗinta, gurbin shugabanci da hidima fayau. Na ce, "Ke, ina awarar? Ina yaran zaure?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, wannan ai ba abin faɗa wa Turawa ba ne." Sai da muka yi kwana uku ina jan magana daga bakinta kamar mai jan guga a rijiyar rani, kuma duk jimlar da ta fito ta fi takardar Alhaji gaba ɗaya.

Ɗan ƙarshen lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa ranar yake shuka duman. Sha biyu saura na dare zai kira ka, an ɗauke wuta, data ta ƙare, hoton sakamakonsa ya fito a kife.

Ga kuma Mai Son Ƙanƙara. Shi ba karatu ya dame shi ba, hoto cikin jibgegiyar rigar sanyi yake so. Ya ji cewa Gimbiya Leonor ta Sifen ta gama makarantar Wales a 2023, har ya fara lissafin wa zai zama abokin cin abincinsa. Sai na yi masa bayani cewa kai dai ka faɗi inda ranka ke so, kwamiti ne ke raba gurbi. Ana iya tura ka Dilijan a Armeniya, ko Moshi a gindin dutsen Kilimanjaro, ko Waterford Kamhlaba a Eswatini, makarantar da aka buɗe a 1963 don baƙi da farare su zauna aji ɗaya lokacin da wariyar launin fata ke ci a Afirka ta Kudu, inda 'ya'yan Mandela mata suka yi karatu. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Malam, duk wannan wahalar, kuma a ƙare a Afirka?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In aka tara waɗanda suka tsallake zagayen farko aka ba su aikin rukuni, nan Shugaban Dole ke bayyana. An ce ana neman shugabanni, shi kuma a saninsa shugaba shi ne wanda ba a katse shi. Zai fizge alƙalami, ya tsaya gaban allo, ya raba wa kowa aiki, ya amsa tambayar da ya yi da kansa, yana satar kallon alƙalai ta wutsiyar ido. Su kuwa idonsu na kan yaron da ya juya ya ce wa ta kusa da shi, "Ɗazu kin fara magana, ƙarasa mana."

Iyaye ma nasu garken daban. Akwai uban da tambayarsa ɗaya ce, "Malam, wa muka sani a can?" Ya riga ya tanadi katin wani sanata a aljihu, kuma har yau bai yarda cewa babu ofishin da za a kai shi ba. Akwai kawun da bai taɓa biya wa yarinyar kuɗin fensir ba, amma da ya ji batun jirgi ya zo da fatawa a kan naman alade da alƙibla. Mu malamai ma kada mu wanke kanmu: na san wanda wasiƙar shaida ɗaya yake yi wa kowa, suna kawai yake canzawa, har ya taɓa shaida wa duniya cewa wani saurayi mai tsiron gashin baki yarinya ce mai kamun kai.

In sakamako ya fito, Shugaban Gidauniya kan ce dama istihara ba ta yi masa kyau ba, gidauniyar kuma ta tafi hutun da ba dawowa. Mai Son Ƙanƙara ya ce an yi son kai. A shekarar da mai awara ta samu gurbi kuwa, kakarta ce ta karɓe ragamar shiri. Na je sallama na tarar da akwati a buɗe tsakar gida: yaji a gwangwanin madara, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa an naɗe ta leda uku amma tana gaishe ka tun daga zaure, ga kilishi kamar za a buɗe shago. Na ce, "Hajiya, nama fa ba sa bari a shiga da shi, a filin jirgi za su karɓe." Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ƙara cusa wani ƙunshin a ƙarƙashin sallaya, ta ce, "To Malam, in sun karɓe ai su ma 'ya'yan wasu ne. Wannan na sama nasu, na ƙasan nata."