Direban Tsere a Gonar Mutane

Tun ranar da na ji cewa Fijo 504 ce ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, na daina yi wa akori-kurata kallon motar dako. Ai jini ɗaya ne, ko da yake tawa haɗin Kaduna ce, ƙofarta kuma da igiya ake ɗaure ta. Birki ne kaɗai matsalarta: sai ka taka sau uku kana salati kafin ya tuna da aikinsa.

Na shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, na ce a ba ni mastan birki. Mai shago ya miƙo mai faɗin milimita 19, ya ce shi zai dace da ita. Na hango wani ƙato mai milimita 25, na ce shi nake so, don a lissafina babba shi ne mai ƙarfi. Da na koma ƙauyenmu, can gefen Dambatta, bakanikenmu ya juya shi a hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan fa na babbar mota ne." Na ce, "Kai dai ɗaura, ni na yi boko."

Ya ɗaura, ya zuba mai, ya cire iska. Na taka na ji tauri kamar dutsen niƙa, na ce yauwa, birkin maza ke nan.

Wanda ya san yankinmu ya san ba mu da filin banza. Gona na jingine da gona, gero nan, gyaɗa can, sai siririn burtali a tsakani. Nan na saki mota. Ina shan kwana sai ga jaki da ƙunshin ciyawa. Na taka birki da ƙafa ɗaya, na ƙara ta biyu, har na miƙe tsaye a kansa, mota ta ce ba ta san zancen ba. Jaki ya tsira, kunya shida ta gyaɗar maƙwabcina ba ta tsira ba.

Ashe abin a juye yake. Ƙarfin ƙafarka kan faɗin fistan yake rarrabuwa, don haka ƙaramin masta ya fi matsa mai, illa dai ƙafa ta fi nutsewa kafin ya kama. Daga 19 zuwa 25, matsin yana raguwa da wajen kashi 42 cikin ɗari. Taurin da na yi ta murna da shi, ƙafata kawai yake wahalarwa.

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ji cewa motocin tsere masta biyu gare su, ɗaya na gaba ɗaya na baya, da sandar ƙarfe a tsakani da ake murɗawa a raba musu ƙarfi. Na sa mai walda ya haɗa min. Gaba ke da babban aiki, tunda in an taka birki nauyin mota can yake komawa, sai na ba shi ƙaton, na kai ƙaramin baya. Wato darasin da na saya da gyaɗa ko mako bai yi a kaina ba.

Akori-kura ba kaya, bayanta ba nauyi. Ina taɓa birki tayoyin baya suka ƙame, ta yi juyi, sai ga ni ina fuskantar inda na fito, bayanta cikin dawar wani dattijo. Ya dafa fartanyarsa ya ce, "Ɗana, zuwa kake yi ko komawa?"

A gaban mai unguwa aka yanke min buhun gyaɗa ɗaya da damin dawa biyu. Uwargida kuma ta karɓe makulli ta damƙa wa bakanike.

Idan akwai mai buƙatar masta mai milimita 25, yana nan ƙarƙashin rumbu, rabin kuɗi zan sayar. Sharaɗi ɗaya: ya zo da bakanikensa, kuma ya ji maganarsa.