Marsandi Mai Ladabi

Mai sayen tsohuwar Marsandi yana da nasa ilimin. Zai shuri taya, ya danna hon, ya kunna sanyi, ya shafa kujerar fata. Shi ke nan, bincike ya kammala. Dillali kuwa ya rantse wata tsohuwa ce ta hau ta a Jamus, daga gida sai coci. Da alama tsofaffin Jamus ba su da aiki sai tanadar wa Kwatano motoci.

Marsandi S-Class ƙirar W220, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005, galibi a kan iska take tsaye, tsarin da ake kira Airmatic. In iskar tana zurarewa, cikin dare motar za ta durƙusa, da safe a tarar tana gaida maigida. Ladabi ne mai tsada.

Shi ya sa bakanike ke zuwa da sassafe, inji bai ɗumama ba. Ya buɗe murfin baƙin mai: in ya ga abu kamar kindirmo, ruwa ya shiga. Ya leƙa tsatsa a saman tayoyi. Ya murɗa makulli ya ga ko fitilun gargaɗi duk sun kama, don akwai gwanayen da ke warkar da su da baƙin salatif.

Takardun kwastam kuma, a karanta su kafin a biya la'ada.