Jarabar Taswirar Jiragen Ƙasa

Wani ƙwallon Turai ce ke cinye masa lokaci, wani kuma hira a teburin mai shayi. Tawa jarabar ba ta faɗuwa a majalisa, don dariya za a yi mini: kallon taswirar jiragen ƙasa na cikin birane, na garuruwan da ban taɓa takawa ba, ba ni ma da kuɗin zuwa. A nan datata take ƙarewa duk wata.

Ko cikin barci ka tashe ni zan gaya maka Landan ce ta fara tura jirgi ta ƙarƙashin ƙasa a 1863, daga Paddington zuwa Farringdon, da kwal yake tafiya, hayaƙi na turnuƙe fasinjoji a cikin rami. Budapest ta samu nata a 1896, Faris a 1900, New York a 1904, Mosko a 1935. A Afirka Alƙahira ce ta buɗe fage a 1987. Shekarar haihuwar 'ya'yana kuwa sai na tambayi uwarsu.

Laifin duk na Harry Beck ne, wani mai zane a ma'aikatar jiragen Landan. Shi ya gano cewa wanda ke cikin rami ba ruwansa da yadda tituna suka lanƙwashe a samansa, abin da yake so ya sani kawai shi ne tasha ta gaba da inda zai canza jirgi. Sai ya miƙar da layukan, ya buɗa tsakiyar birni, ya matse bayan gari, bai bar komai na doron ƙasa ba sai kogin Thames. Da farko manyansa sun ƙi zanen, sai a 1933 aka buga shi, birane da yawa suka kwaikwaya. Wannan zane ya hana ni sakat. Sai in ɗora yatsa a kan waya in bi jan layin Central sannu a hankali, in tsaya a Oxford Circus in koma shuɗin Victoria, tuwo na hucewa a gabana. Maiɗakina ta taɓa leƙowa ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce ta dakata, canjin jirgi nake yi. Ta ɗauke kwanon.

Abin ya kai har da maƙwabcina ya dawo daga aikin Hajji, jama'a na karɓar dabino da zamzam, ni na tsare shi da tambaya kan jirgin Masha'ir da ya fara aiki a 2010. Da gaske tasha tara ce, uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa? Ya dube ni ya ce, "Malam, ibada na je yi, ba ƙirgen tasha ba."

Ga shi a garinmu, in baƙo ya bugo waya in kwatanta masa gidana, sai na miƙa wa yaro wayar. Mai adaidaita sahu ma in ya tambaye ni ta ina za mu bi, cewa nake ya bi inda ya saba.

Ban da niyyar dainawa. Don haka mai karatu, in Allah ya kai ka wani birni mai irin wannan jirgi, kada ka wahalar da kanka da turare ko agogo, ka riƙo mini taswirar takarda tsaraba. Ta Landan kyauta ake ɗauka a tasha.