Dogari Ya Shaƙe

Bashi ne ya kawo shi gidana. Ƙanin uwargida, mai saye da sayarwa a kasuwar Shinkafi, ya ci mini kuɗi har na gaji da tuni. Wata Alhamis da almuru, bayan kasuwa ta watse, sai ga shi ya sauko daga mota a Ƙauran Namoda da buhu a kafaɗa, buhun yana motsi. Ya ce, "Yaya, kuɗi dai ba su samu ba, amma ga abin da yaf fi kuɗi." Ya kwance bakin buhu, wani farin dogon wuya ya leƙo, ya dubi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓe ni, ya kai mini sara a cinya. Toron dinya ne, bai cika shekara ba. Da babu gara ba daɗi, na karɓa.

Yara suka sa masa suna Dogari, sunan kuwa ya bi shi. Almajiri ba ya wuce zaure, mai tallar nono daga waje take kwaɗa sallama, ni da na gina gidan ma sai na leƙa kafin in shiga. Mutum ɗaya ya yarda da ita a duniya, Inna. In ta zauna tsintar wake sai ya kwanta gefen tabarmarta ya ɗora wuya a ƙafarta, tana kiransa "ɗan albarka", sunan da ban tuna ranar da ta kira ni da shi ba. Ga murya. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, nan ya ƙare, yau kuma da wuya ka ji kukan jirgi a tashar. Unguwarmu dai ba ta yi kewarsa ba, don Dogari kan rangaɗa nasa kamar jirgin ya shigo tasha, kafin ladan ya gama gyaran murya.

A tsakiyar damina muryar ta ɗauke. Da farko na ɗauka sauƙi ne Allah Ya kawo mana. Sai muka ga yana miƙe wuya sama, yana buɗe baki yana rufewa ba sauti, yana girgiza kai da ƙarfi, can cikin maƙogwaro wani ƙurr-ƙurr na fita. Ya rage cin ciyawa, ƙirji ya fara ramewa. Ranar da na wuce ta gabansa bai ko ɗaga kai ba, Inna ta aje tasbaha ta ce, "Kai, wanga tsuntsu ba shi da lahiya. Dubi ka wuce bai cije ka ba."

A garinmu ba a rasa likitan tsuntsu, kowa ya taɓa kiwon kaza. Kafin azahar labari ya zaga. Maƙwabciya ta aiko da kafso ja-da-yalo, wai a farke a zuba a ruwan sha. Wata ta ce barkono da tafarnuwa. Mai shagon bakin layi ya ce man ja, cokali guda. Maƙwabcinmu na gabas kuwa, mai kajin gidan gona, bai ba da magani ba, hukunci ya yanke: murar tsuntsaye ce. Ya tuna mana yadda ta ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a 2006, karon farko da aka tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka, da yadda aka bi gonaki ana hallaka kaji ana binnewa. Daga ranar ya daina ba ni hannu a masallaci, daga nesa yake dafa ƙirji.

Ana cikin haka Kawu ya iso daga Zurmi. Hanyar nan ba a binta don nishaɗi a 'yan shekarun nan, kowa ya sani, amma ya zo gaisuwar rasuwa, ya biyo ya ga 'yar'uwarsa. Ya tsaya kan Dogari, ya karkata hula, ya ce, "Mi anka ba shi?" Na lissafa. Ya yi tsaki. "Ɗana, boko ya ɓata ku. Maɗaci za a jiƙa. Mu da shi munka tashi, ko doki yas sha sai ya miƙe." Ya zaro ɓawon daga aljihu, kai ka ce da ma ya san da zancen. Aka jiƙa, ruwan ya yi jawur. Kawu ya ce in riƙe, shi zai ɗura.

Duk wanda ya ce maras lafiya ba shi da ƙarfi bai taɓa rungumar dinya ba. Fiffike ɗaya ya kuɓuce ya same ni a haɓa, ɗayan ya ture kwanon, jiƙon ya tashi sama ya sauko a farar rigar Kawu. Abin da ya rage a cokali kuwa, Kawu ya nufi bakin tsuntsu da shi, tsuntsu ya kauce, ni kuma bakina a buɗe yake ina cewa "a hankali". Na sha maɗaci. Zan iya shaida cewa yana da ƙarfi, don har washegari shayi ma ɗaci yake mini.

Na je kemis na ce maganin tsutsar tsuntsaye nake so. Yaron shagon ya miƙo mini ƙullin fifarazin, ya ce shi kowa ke saye. Aka zuba a ruwa. Dogari ya sunsuna, ya juya baya, ya je ya sha na kwatami. Agwagin uwargida ne suka shanye maganin tas.

Inna ce ta yanke magana. "Ka kai shi ga likitan dabbobi, ko in ɗauke shi in tai da ƙahwata." Na samo ɗan kabu-kabu, na sa Dogari a kwali na huda masa wurin wuya. Muka ratsa gari ana kallonmu, ni da babbar riga, kan dinya a saman kafaɗar direba yana hamma. Wajen kwanar da ake bi zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya wasu tsofaffin ɗalibaina suka hango ni, suka durƙusa suna gaisuwa cikin ladabi, kafaɗunsu na rawa. Dogari ya ga kunnen direba a kusa, ya tuna da sana'arsa. Sai da na ƙara wa yaron kuɗi.

Likitan saurayi ne, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ya yi karatu. Bai taɓa tsuntsun ba sai da ya yi mini tambayoyi. Akwai wanda ya mutu cikin kaji ko agwagi? Kai ko ido ya kumbura? Gudawa fa? Na ce babu. Ya ce to da sauƙi, don da murar tsuntsaye ce da wuya ta tsaya kan tsuntsu ɗaya, kuma ba a yi mata magani a gida, hukuma ake sanarwa. Ya tambayi dusar da muke ba shi, ko ta jiƙe ta yi hunhuna, domin ƙurar hunhuna kan shiga huhun tsuntsu ta kafa sansani, ita ma haka take sa haki, kuma kafso ja-da-yalo ba ya yi mata komai. Sannan ya tambayi inda yake kiwo. Na ce yara kan kora shi fadamar da ke gangaren Gagare. Ya ce, "Yauwa."

Ya naɗe Dogari da tsohon zane, fukafukai a ciki, ya ce in riƙe amma kada in matse ƙirji, wai tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in ka rungume shi da ƙarfi ka shaƙe shi. Na tuna irin rungumar da na yi masa ranar maɗaci, na yi shiru. Ya buɗe bakin, ya haska tocila, ya nuna mini wata 'yar ƙofa a gindin harshe tana buɗewa tana rufewa. Nan ce hanyar iska. Ya ɗebi kashin da Dogari ya yi mana kyauta a kan takalmina, ya duba a madubin likita, ya kira ni in gani: ƙwayaye ne birjik.

Bayaninsa ya fi ciwon ban tsoro. Wata jar tsutsa ce da ba ta zama a hanji, a bututun iska take maƙalewa tana shan jini. Can take ƙwai, tsuntsu ya yi tari ya haɗiye, ƙwan ya fita ta kashi. Tanar da ke ƙasa mai laima ta ci ƙwan, ta riƙe shi a jikinta wata da watanni, wani tsuntsun ya zo kiwo ya haɗiye tanar. Daga hanji 'ya'yan su huda su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro, zagaye ya cika. Shi ya sa damina ce lokacinta, kuma ƙananan tsuntsaye ta fi kayarwa, don bututunsu siriri ne. Ya ƙara da cewa irin wadda ke kama kaji, namiji da mace manne suke da juna har mutuwa, ba yaji ba saki. Fifarazin ɗin da na saya, in ji shi, macijin ciki na hanji yake kashe wa jiki, wannan ta maƙogwaro ko gezau. Na ce maɗaci fa? Ya dube ni ya ce, "Malam, ba a ɗura ba ko?" Na ce an yi niyya. Ya ce gara da aka tsaya a niyya, domin ruwan da aka kwarara wa tsuntsu yana fizge-fizge ta wannan 'yar ƙofar yake bi ya sauka huhu.

Maganin da ya rubuta fenbendazol ne, a ba shi kwanaki a jere, a maimaita bayan kamar mako 2 don waɗanda ba su riga sun girma ba. Akwai lebamisol ma, amma shi in aka zarce awo yana iya kashewa. Duka biyun da nauyin tsuntsu ake auna su, sikelinsa kuwa an fita da shi ƙauye. Ya ce abu mai sauƙi ne: in hau sikeli da Dogari, in hau ni kaɗai, a debe.

Sikelin da na samu na wani yaro ne a tasha, irin masu ajiye shi bakin hanya ana hawa ana biya. Na hau da Dogari a hammata. Yaron ya karanta da ƙarfi, yadda na ƙarshen tasha zai ji. Saura ni kaɗai, sai a nemi mai riƙe tsuntsu. 'Yan kamasho suka ja baya. Wani mai faci ya ce shi ya saba da raƙuma ma, ya karɓa. Ina ɗora ƙafa yaron ya sake shelanta nauyina, wani dattijo ya ce, "Malam, ashe albashi na shiga." Kafin in ba shi amsa na ji ihu. Dogari, mai hakin nan da muke tausayi, ya zame daga zane, ya bi mai faci ya zagaya motar Shinkafi da shi, ya tsaya ya yi hamma, ya ci gaba. Ya shiga rumfar mai shayi ya fito da biredi. Na biya kuɗin biredi, na biya sikeli hawa biyu, mai faci kuma ya nemi na man zafi. Da aka debe, tsuntsun kilo 4 ne da ɗoriya. Nawa nauyin ba ruwan mai karatu da shi, mutanen tasha dai sun haddace.

A gida na bi umarni tiryan-tiryan: zane, sirinji ba allura, a bi ta gefen baki a wuce ƙofar iskar, a matsa a hankali. Uwargida ta riƙe, ni na ɗura, Inna na gefe tana ba tsuntsu haƙuri tana hararata. Muka kwashe kashin tsakar gida, muka zuba yashi inda ruwa ke kwanciya, aka ɗaga buhun dusa daga ƙasa, aka hana yara kai shi fadama. Likita ya ce agwagi da kaji ma a ba su, kuma kada a ci ƙwansu ko namansu sai kwanakin da aka rubuta jikin kwalba sun wuce. Wannan ya jawo mini shari'a da yara, don ƙwan agwagwa ne karin kumallonsu.

Hakin ya ragu sannu a hankali. Wata asuba muryar ta dawo gaba ɗaya, har maƙwabcin gabas ya buga katanga yana tambaya ko ba za a iya mayar da shi yadda yake ba. Da hantsi na fito da buta, Dogari ya same ni a inda ya fara samuna ranar da ya zo. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ya warke."

Kawu kuwa tun da ya koma Zurmi yake ba da labari a majalisa cewa ya tarar da tsuntsun ɗansa yana gargara, ya tashe shi da maɗaci, rigar ma yana nunawa a matsayin shaida. Ya kuma shaida musu cewa ya koya mini aikin. Shekaranjiya direban motar Moriki ya yi sallama a ƙofar gidana da keji, zabbi ne a ciki suna tari, da saƙo daga wani aminin Kawu: a gaida malam mai maganin tsuntsaye, a duba su da kyau, kuɗin sai bayan kaka.