Fenti Ba Ya Gyara Murya

Da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama, aka fara shirin Sallar Gani a Daura, mutum uku ne barci ke ƙaurace wa: tela, mai kayan doki da mai fenti. Uzurin tela da mai kayan doki kowa ya san shi. Mai fenti ne abin dubawa, domin a 'yan shekarun nan buroshinsa ya gama da bango da ƙyaure, ya hau kan amfilifaya.

Wanda bai san amfilifaya ba ya san aikinta: ita ce akwatin nan da ke hana unguwa barci duk daren da maƙwabci ya aurar da 'ya. A ƙasashen da aka ƙera ta, 'yan jita ne suka fi ɗaukar ta. Ko a maƙwabta, Agadas ta yi suna da kiɗan jita a gidajen biki, kuma irin su Bombino da Mdou Moctar sun kai kiɗan Buzaye har Turai da Amurka. Mu nan jitar ba ta ture kalangu da gurmi ba, amma akwatin mun karɓe shi hannu bibbiyu. Dije na da shi, gidan kallon ƙwallo na da shi, mai tallar maganin basir a kasuwar Mai'aduwa na da shi, mai shelar siyasa kuwa har biyu yake ɗaurawa a kan mota, ɗaya na kallon Zango ɗaya na kallon Sandamu.

Akwatin na katako ne, an lulluɓe shi da baƙar leda mai kaushi, dangin ledar kujerar mota. Kamfanin Fender na Amurka da yadi yake rufe nasa a shekarun 1950, sai wajen 1960 ya koma wata leda mai suna Tolex saboda ta fi jure gurzuwa da danshi. Wato dai masu abin sun zauna sun yi tunani kafin su zaɓi rigar. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne wata rana akwatin zai faɗo hannun ɗan unguwarmu.

Ga yadda abin ke faruwa. Dije ya samu kwangilar dina. Amfilifayarsa ta shekara biyu tana tari, in aka sa waƙar amarya sai ka rantse mawaƙin mura yake yi. Ya kinkime ta zuwa wurin mai gyaran rediyo. Mai gyara ya kwance ya leƙa, ya girgiza kai.

"Oga, takardar sifika ta yage, naɗin ya fara ƙonewa, ga kwandensa ta kumbura."

"Nawa za ta ci?"

Mai gyara ya faɗi kuɗi. Dije ya yi salati, ya ce, "Malam, mayar da kusoshinka. Bari a ga bayan biki."

Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon fenti. Ya sayi gwangwanin fentin mai da tina da buroshi, launin ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya: ɗan Chelsea shuɗi, ɗan Arsenal ja. Ya miƙa wa yaronsa ya ce, "Ƙane, ina so ta koma sabuwa dal, kamar yau ta tsallako Kwangwalam."

Yaro kuwa ba ya ha'inci. Ya shafe leda, ya shafe mariƙi, ya shafe ragar gaba, ya toshe ramukan da zafi ke fita. Har lambobin da ke kewaye da maɓallin ƙara sauti bai bari ba. Wannan ne ya warware mini wata tambaya da ta daɗe tana damun dattawan unguwa, wato dalilin da ya sa ba a taɓa rage ƙara a gidan biki. Ashe ba rashin kunya ba ne. Lambobin ne fenti ya cinye, dije bai san ina ne uku ina ne goma ba, sai ya murɗa har inda maɓalli ya tsaya ya bar wa Allah sauran.

Sai dai leda tana da nata halin. A cikinta akwai wani sinadari mai maiƙo da ke sa ta yi laushi, ta lanƙwasu ba tare da ta tsage ba. Fentin mai da tina suna janyo wannan maiƙon ya taso ya cakuɗe da fentin, sai ya ƙi bushewa, ya yi ta danƙo makonni, wani lokaci har watanni. Fentin ruwa kuwa yana bushewa, amma ba ya kama jikin ledar, ana ɗora akwatin a a-kori-kura sai ya fara ɓarewa. Saboda haka amfilifayar dije takan isa wurin biki da duk abin da ta gamu da shi a hanya: ƙura, gashin kaza, ɓawon gyaɗa, da ƙwarin da suka zo kallon fitila. In lokacin hunturu ne kuwa, shuɗin Chelsea kan koma ruwan ƙasa tun kafin a kai Baure.

To, sai daren dina. Kawun amarya ya tashi yin jawabi cikin farar gezna da aka buga ta sha sitati. Jawabin minti biyar ya shiga minti arba'in, ƙafa ta gaji, sai Alhaji ya ɗan jingina da akwatin. Da ya gama nasiha a kan haƙuri ya yunƙura zai koma kujera, sai akwatin ya biyo shi.

"Kai yaro, mene ne wannan a bayana?"

"Ranka ya daɗe, ai sabon fenti ne."

"Na ce maka tsoho ne?"

Haƙurin da ya gama yi wa ango da amarya wa'azinsa, a nan take aka neme shi aka rasa. Riba ɗaya dai dije ya ci. Duk kuɗin liƙin da ya faɗa kan akwatin ya manne, yaran da ke wawaso ba su samu ko sisi ba. Ga shi dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da naira, ga amfilifaya ta riƙe shaida ƙam.

Kada mu yi wa dije dariya da yawa, domin a gida ya koya. Motar da injinta ke hayaƙi, wurin mai fenti ake fara kai ta, sannan dillali ya rantse cewa wata Hajiya ce ke zuwa asibiti da ita kawai. Makarantar da iska ta yaye rufin ajin baya, bangon da ke kallon titi ake fara shafewa. In babban baƙo zai zo gari, duwatsun gefen hanya su sha fari da baƙi, gindin itatuwa su sha farar ƙasa, kuma fentin yakan ƙare daidai kwanar da ayarin motoci zai karya. Mutanen Daura sun ga manyan baƙi daga 2015 zuwa 2023, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ke zuwa gida hutun Sallah, saboda haka ba sai an yi musu dogon bayani a kan shirin tarbar baƙo ba. A irin wannan rana, wanda ya daɗe tsaye a bakin titi yana jiran ɗan acaɓa, ya riƙa motsa ƙafa, kada a shafe shi zuwa gwiwa.

Abin mamaki, can inda aka ƙera akwatin lissafin a juye yake. Masu tara tsofaffin kayan kiɗa sun fi tsadanta amfilifayar da ke cikin ledarta ta asali, ko da ta sha gurzuwa, kuma fenti karya mata farashi yake yi. Tun 1995 ma Fender ke ƙera sababbin jita ya kankare su da gangan don su yi kama da tsofaffi, mutane na biyan ƙarin kuɗi. Da dijenmu ya sani, da ya bar ƙurar shekara goma a inda take ya jira mai saye. Garin neman gira ya rasa ido.

Mu kuma tuna cewa a Daura aka binne Mamman Shata a 1999. Har gobe ana sauraron waƙoƙinsa da aka kwafo daga tsofaffin kaset masu shuu, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi launin akwatin da ya yi waƙa da shi ba.

Wanda ya nace sai ya sauya wa amfilifaya launi, akwai hanyar yi. A wanke ledar da ruwan sabulu da buroshi mai laushi, a bari ta bushe sarai. A cire mariƙi da ragar gaba, a rufe maɓallai da ramukan iska da salatif. A nemi fentin fesawa da aka yi musamman don leda, irin na kujerun mota, a fesa sama-sama sau biyu ko uku, ana bari kowane ya bushe. In ledar ta yayyage, masu ɗinkin kujerun mota za su ɗaye ta su manna sabuwa. Cikin akwatin kuwa a bar wa mai gyara, domin kwandensa na riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Amma kafin duk wannan, a fara biyan mai gyara. Mutanen da aka tara a gidan biki da kunne suke hulɗa da amfilifaya, kuma maƙwabtan da ke kwance a ɗaki ba sa ma ganin ta. Kai kuma mai karatu, in ka je biki ka ga akwatin dije yana ƙyalli, ka tsaya da ƙafarka har a gama jawabi.