Benci Ɗaya, Aminai 300

Haka ake yi duk bayan zaɓe. Da magariba a karanta sunan mutum a rediyo cikin jerin sababbin kwamishinoni, kafin a kira isha'i ya samu aminan ƙuruciya fiye da yawan yaran da suka yi firamare tare. Ajin nasu ɗalibai 40 ne, benci kuma yara uku yake ɗauka, huɗu idan an matsa. Amma washegari da hantsi sai a tarar da mutum wajen 300 a ƙofar gidansa, kowa yana rantsuwa da Allah benci ɗaya suka zauna, har da wanda ya girme shi da shekara 15 da wanda a lokacin ba a ma ɗaura auren iyayensa ba. Kafintan da ya haɗa wannan benci ya cancanci lambar yabo ta ƙasa.

Abin da ya sami naira shi ne ya sami kalmar "amini". A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, a 2024 ta haura 1,500. Ita ma kalmar, wadda ta fito daga tushe ɗaya da amana, a da ba a kashe ta a kan kowa. Akwai abokin hira, akwai abokin tafiya, akwai abokin ciniki, akwai abokin wasa irin na Bafulatani da Babarbare, sannan can sama akwai amini: wanda ake aika wa neman aure, wanda falke ke bar wa iyali da makullin rumbu idan zai tafi Gwanja sayen goro. Yau kuwa mutum biyu su haɗu a layin gidan mai, su zagi gwamnati tare na minti 20, su rabu kowa yana ce wa ɗan'uwansa "aminina". Babu wanda ya tambayi sunan wani.

Wani Baturen Ingila mai suna Robin Dunbar, masanin halayyar ɗan Adam da ya daɗe a Jami'ar Oxford, ya taɓa yi wa wannan harka lissafi. A 1992 ya auna girman ƙwaƙwalwar birai iri-iri, ya kwatanta da yawan garken da kowane iri ke iya zama cikinsa, sai ya ɗora ma'aunin a kan mutum. Amsar ta fito 148, aka cika ta 150. Wato iyakar mutanen da kai ɗaya zai iya riƙewa da gaske ke nan: ya san su, ya san wa ke gaba da wa, ya san wa ake bi bashi. Cikin 150 ɗin ma hawa-hawa ne. Kimanin 50 abokai ne, 15 na kusa, biyar kacal su ne waɗanda za a iya buga wa ƙofa da ƙarfe 2 na dare su fito ba tare da sun leƙa ta taga sun koma sun kwanta ba. A 2021 wasu masana na Jami'ar Stockholm sun ce lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba. Da sun zo ɗaurin auren ɗiyar ɗan kasuwar Kantin Kwari da sun ƙara samun hujja, da kuma sun dawo ranar da kayansa suka maƙale a tashar jirgin ruwa da sun nemi gafarar Dunbar.

Facebook dai bai yarda da birai ba, ya ba kowa damar tara abokai 5,000, kuma akwai matasan da ke sanar da jama'a cikin alfahari cewa shafinsu ya cika, a bi su a na biyu. Dunbar ya bi sawu a 2016, ya tambayi masu amfani da shafin a Birtaniya mutum nawa za su iya dogara da su in masifa ta faɗo. Amsar: kusan huɗu.

A zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ake ganin abin ƙuru-ƙuru. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, kuma ana kiran kowa a ciki "ɗan'uwa". Wani ya rubuta da asuba cewa mahaifiyarsa tana asibiti, ana neman jini leda biyu. Cikin minti 10 an jera masa "Allah ya ba ta lafiya" sau 180, yawanci kwafo na farko aka yi, domin kuskuren rubutun da ya yi yana nan a jikin kowanne. Wani da bai karanta saƙon ba ya ga addu'a ta yi yawa, ya zaci an yi rasuwa, ya rubuta "Allah ya jiƙan ta." Mutum 12 suka ce amin. Jinin kuwa, mijin ƙanwarsa ne ya bayar, wanda suka yi wata takwas ba sa ga-maciji saboda rigimar fili.

Majalisa ta fi wannan daraja, a faɗi gaskiya, domin ita aƙalla ana zama a tabarma ɗaya. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka ya ƙiyasta a 2018 cewa sai an shafe kamar awa 50 tare kafin sanayya ta zama 'yar abota, awa 90 ta zama abota sosai, sama da awa 200 ta kai aminci. To, majalisar ƙofar gida da ake buɗewa bayan magariba a tashi ƙarfe 11 tana cin awa huɗu kullum. Cikin kwana 50 an cika sharaɗin Hall. Cikin shekara 10 an tara awa 14,600, abin da ya isa a yi aminai 73. A fadojin Yamai da Damagaram, inda samari ke rubuta sunan fadarsu a bango suna jiran shayi ya dahu zagaye uku, lissafin ya fi haka.

Amma ranar da ɗaya daga cikin 'yan majalisar ya yi sati bai fito ba, sai a fara kallon-kallo. Wa ya san gidansa? Ana dai ganin yana ɓullowa ta lungun mai shayi. Mene ne sunansa na yanka? Dogo ake ce masa. An san yana goyon bayan Arsenal, an san jam'iyyarsa, an san ra'ayinsa kan yaƙin Ukraine da farashin masara a Dawanau, an san ba ya shan shayi da madara. Ba a san yaransa nawa ba, ba a san wata uku ke nan da aka sallame shi daga aiki ba, domin a majalisa ana warware matsalar duniya baki ɗaya, ban da ta wanda ke zaune kusa da kai. Hall ya ƙirga awanni, bai tambayi me ake tattaunawa a cikinsu ba a ƙofar gidan Malam Bahaushe.

Mata sun fi maza gaskiya a nan, domin su tun tuni suka mayar da ƙawance harkar da ake rubutawa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta yi bayanin ƙawayenta da irin kyautar da ke shiga tsakaninsu a biki da suna. Tsohuwar ƙa'idar biki ita ce a ninka: ta kawo miki ɗaya, ki mayar da biyu, a yi ta hawa har nauyin ya gagara a sauko a sake farawa. Yau littafi ne guda ake ajiyewa a ƙasan akwati, an rubuta wa ta kawo turmin atamfa, wa ta kawo kula, wa ta zo hannu rabbana ta kuma tafi da ƙunshin shinkafa biyu. Babu akantan bankin da ya kai uwar amarya riƙe lissafi. Ga kuma anko, harajin ƙawance, wanda ake fitarwa kala uku a biki ɗaya: na kamu, na wuni, na dina. Wadda ba ta saya ba ta fita daga ƙawaye, wadda ta saya da bashi ta shiga hannun dillaliya.

Akwai binciken da bai kamata a karanta shi da dare ba. A 2016 masana daga MIT da Jami'ar Tel Aviv suka sa ɗalibai 84 na aji ɗaya kowa ya faɗi waɗanda yake ɗauka abokansa. Kusan dukkansu sun tabbata wanda suka ambata shi ma zai ambace su. Da aka haɗa takardu, kusan rabi ne kawai aka mayar wa biki. Sauran suna can suna cewa "mutumina ne", mutumin kuma ya ajiye lambarsu da sunan "Kar a ɗauka 2".

Sai dai kada a yi saurin zagin mutanen ƙofar gidan kwamishina, domin ilimi yana bayansu. Mark Granovetter ya nuna a 1973, daga tambayar ma'aikata a garin Newton kusa da Boston, cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, ƙasa da kashi 17 cikin 100 ne suka samu ta hannun wanda suke gani a kai a kai. Mafi yawa ta hannun wanda ake haɗuwa jefi-jefi suka samu. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, inda ka nema ya riga ya nema, shi ma zaman jiran yake yi. Labarin gurbin aiki yana wurin wanda kuka gaisa sau ɗaya a wurin jana'iza. Bature ya rubuta maƙala a kai ya yi suna, Bahaushe kuwa tun da can yake aiki da shi, yana kiransa "a dai riƙa gaisawa".

Bayan shekara biyu aka rushe majalisar zartarwa. Wayar kwamishinan nan da take zafi kamar dutsen guga ta huce, cajin safe yana kaiwa jibi. Ƙofar gida ta koma wurin kwanan awaki, bencin nan mai cin mutum 300 ya koma ɗaukar uku, biyu daga cikinsu ma bashin kamfen suka zo tambaya. A zauren tsofaffin ɗalibai an sauke hotonsa daga fuskar zaure ranar Talata. Ranar Laraba aka gano cewa sabon kwamishinan, wanda ya yi firamare a wata ƙaramar hukuma mai nisan kilomita 200, shi ma ɗan ajinsu ne.