Dokta Ƙwai

Dubu goma sha biyar na miƙa wa wani dillali a kasuwar Kara, bayan ya rantse cewa kazar jinin Arokana ce, kajin nan na ƙasar Cile masu ƙwai shuɗi. Lissafina ba kuskure: in haɗa ta da zakaran Shika Brown, irin da cibiyar NAPRI ta Zariya ta fitar, masu jan ƙwai. Shuɗin Arokana ratsa ɓawo yake yi har ciki, ja kuwa shafe ne ta waje. In suka haɗu, 'ya'yanta sai ƙwai kore. Na yi ta wannan lacca a majalisarmu ta Mabera har aka laƙaba mani Dokta Ƙwai.

Kaza ta ci dusa, ta ci gero, ƙwai shiru. Sai na yi shela a gida: duk yaron da ya fara tsinto ƙwai shuɗi a akurki, ɗari biyar tasa ce.

Washegari da hantsi autana ya kawo shi. Shuɗi shar!

Ban tsaya wata-wata ba na aika aka kira 'yan majalisa, na ɗauko surukina a kan babur. Watan Afrilu ne, kuma wanda ya san Afrilun Sakkwato ya san ko inuwa gumi take yi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, na durƙusa na miƙa ƙwan da hannu bibbiyu.

"Baba, ga shi. Irinsa na farko a Sakkwato."

Ya karɓa, ya juya shi, ya ce tubarkalla. Ya sake juyawa. Ina tsakiyar bayanin ɓawo na hangi wani farin tabo daidai inda babban yatsansa ya tashi. Na ƙara ɗaga murya. Tabon ya ƙara faɗi. Baba ya mayar da ƙwan hannun hagu, ya share gumin goshi da na dama, sannan ya shafa gemu, farin gemun nan da duk unguwa ke girmamawa, ya goge tafin a gaban farar shaddarsa. Goshi, gemu, riga. A jere haka, a gaban idona, ni kuma bakina bai daina cewa "ratsa ɓawo yake yi" ba. Zaure ya yi tsit. Shi kaɗai ne bai san ya rine ba, yana ta gyaɗa kai yana sa mani albarka.

Daga cikin gida aka jiyo uwargida tana cigiya: "Wa ya taɓa mani bular wanki?"

Nan maƙwabcinmu mai faci, wanda tun da nake bai taɓa kiwon ko tattabara ba, ya gyara murya.

"Dokta, wagga kaza ba ta da laihi. Rini ta waje ba ya zama. Ruwan bula za ka ɗura mata da sahe, shi hito ta ciki."

Na ce na gode, ina laluben tsumma.

"In kore kaka so, ka ƙara mata kuka. Kwana bakwai, ka ga ƙwai awa tutar Najeriya."

Baba ya waiwayo da shuɗin gemunsa ya ce, "Wagga shawara ce. Ka riƙe ta."